Yadda Ake Dafa Sarƙar Keke A Cikin Kakin Kyandir

Tun ranar da na je ɗaurin aure a kan keke sanye da farar shadda, na dawo babu ko ɗigon baƙin mai a ƙafar wandona, jama'a suka sa ni gaba da tambaya. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci, wani ya turo saƙo: wai da gaske dafa sarƙar nake yi a tukunya? Da gaske ne. Na daina ɗiga mata mai, narkakken kakin kyandir nake tsoma ta a ciki. Mai abu ne mai danshi, duk ƙurar da ta taɓa shi sai ta manne, su haɗu su zama baƙin kwaɓi, ya shige cikin gaɓoɓin sarƙa yana cin ƙarfe kamar yashin wanke tukunya. Kaki kuwa da ya daskare ya bushe, ƙura ba ta samun wurin kamawa. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a kan burji cikin hunturu ya san abin da nake faɗi.

Kafin mu fara, ka riƙe wannan: wahalar duk tana wajen wanki. Kaki ba ya kama ƙarfen da ke da maiƙo. Duk waɗanda suka dawo suka ce mini sun gwada bai yi ba, da na bi diddigi, wankin suka yi wa gaggawa.

Kayan aiki da inda kuɗin yake tafiya

Farashi yau daban gobe daban, don haka ga lissafin da ma'auni. Farin kakin farafin rabin kilo, irin wanda ake yin kyandir da shi. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan haɗa sabulu da man shafawa. Kananzir kamar lita ɗaya. Sifirit rabin lita, irin na kemis. Kwalba mai faɗin baki da murfi guda biyu. Ƙaramar tukunya ko babban gwangwanin madara, da wata tukunya babba da ƙaramar za ta zauna a cikinta. Waya mai kauri, ko hangar rataye kaya ta ƙarfe ko tsohuwar wayar ƙafar keke. Filaya, tsohon burushin haƙori, fararen tsummokara, safar hannu, da awon tela ko rula. Sai mahaɗin sarƙa, wato gaɓar nan da ake ɓallewa a mayar ba tare da an fitar da ƙusa ba.

Abin da ya fi cin kuɗi a karon farko shi ne kananzir da sifirit, sai sabuwar sarƙa idan taka ta mutu. Wannan kashewar sau ɗaya ce ga kowace sarƙa. Kakin shi ne mafi araha, don kowace tsomawa ɗan kaɗan take sha, rabin kilo zai kai mai zirga-zirgar gari shekara. Akwai kaki na musamman da kamfanoni irin su Silca da Molten Speed Wax suke haɗawa da garin da ke ƙara santsi. Yana da kyau, ya fi daɗewa a jikin sarƙa, amma da kuɗin waje ake sayensa, kuma mai zuwa kasuwa da makaranta ba ya bukatarsa.

Idan farafin ya yi wuyar samu, farin kyandir na shago zai yi maneji, a kakkarya shi a zare lagwanin. Sai dai wasu kyandirori ana haɗa su da abin da ke ƙara musu tauri, suna saurin zubewa daga sarƙa. Mai launi da mai ƙamshi a bar su. Kakin zuma shi ma a bar shi: yana da danƙo, ƙurar da muke gudu ita zai kama.

1. Auna sarƙar tukuna

Kada ka ɓata kananzir a kan gawa. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar keke rabin inci ne, wato milimita 12.7. Ka ja sarƙar ta miƙe, ka ɗora farkon awo a tsakiyar ƙusa ɗaya, ka ƙirga ƙusa 24 gaba. A sabuwar sarƙa za ka samu inci 12 cif, kusan milimita 305. Idan ta zarce da milimita ɗaya da rabi, ta buɗe da kusan kashi 0.5 cikin ɗari, kuma nan ne iyakar keke mai giya 11 ko 12 a baya. Mai giya ƙasa da haka yana jurewa zuwa 0.75. Keke mai giya ɗaya yana kaiwa kashi 1, wato ƙarin milimita 3. Wadda ta wuce haka a canza ta.

Shawarata ma, ka fara da sabuwa. Giris ɗin kamfani ya fi sauƙin fita a kan baƙin man shekara biyu da ya cakuɗe da yashi.

Gargaɗi: keke irin Phoenix ko Raleigh mai rufaffen gidan sarƙa bai cika bukatar wannan aikin ba. Gidan ya riga ya tare ƙura, kuma kwance shi duk bayan mako uku wahala ce da ba riba. Sarƙar babur kuma wata magana ce daban, kada a kai wannan dabara can.

2. Cire sarƙar

Ɗauki hoton yadda ta bi ta cikin 'yan ƙafafun nan biyu na abin sauya giyar baya, zai yi maka rana wajen mayarwa. Sauke giya zuwa ƙaramin haƙori gaba da baya don ta saki. Nemo mahaɗin, ka matse ƙusoshinsa biyu su nufi juna da filaya, zai ɓalle. A keke mai giya ɗaya yawanci ɗan makulli ne mai kama da ƙaramin cokali mai yatsu biyu, tura shi ake yi ya fita. Idan sarƙarka ba ta da mahaɗi, kai wa mai gyaran keke ya fitar da ƙusa ya sa maka, sau ɗaya ne.

Gargaɗi: mahaɗi yana da lamba. Na giya 8 ba ya zama a sarƙar giya 10. Wasu kuma, kamar na Shimano na giya 11 da na 12, kamfanin ya ce sau ɗaya ake ɗaura su. Tunda kai za ka riƙa cirewa a kai a kai, nemi wanda aka yi don maimaitawa, irin Connex na Wippermann ko na KMC da aka rubuta ana sake amfani da shi. Ko wane iri ne, ranar da ka ji ya shiga ba tare da ya yi ƙas ba, ya gaji, jefar da shi.

3. Wankin kananzir

Naɗe sarƙar ka saka a kwalba, ka zuba kananzir ya rufe ta, ka rufe murfi. Girgiza sosai na minti biyu zuwa uku, ka ajiye ta jiƙa. Sabuwar sarƙa rabin awa ya ishe ta a zagayen farko, tsohuwa a bar ta ta kwana. Tsame ta, ka goge da tsumma, ka juye dattin kananzir ɗin a wani mazubi, ka goge gindin kwalbar don yashin da ya kwanta kada ya koma, sannan ka zuba sabo. Haka za ka yi ta yi.

Sau nawa? Har sai kananzir ya fito kamar yadda ya shiga. Sabuwa takan ɗauki zagaye uku. Tsohuwar da na fara gwadawa da ita sai da ta sha bakwai, kuma ko a na bakwai ɗin idan na lanƙwasa ta kusa da kunnena ina jin ƙaras-ƙaras na yashi. Wannan ƙarar ita ce alƙali. Wajen sarƙa yana iya yin fes yana ƙyalli alhali cikin 'yan zobban nan da ke juyawa a kan ƙusa cike yake da datti, kuma can ciki ne ake gogayya, can ne muke so kaki ya zauna. Shi ya sa goga da burushi kaɗai ba ya wadatarwa, girgizar ce take shigar da kananzir ta fito da dattin.

Gargaɗi: na san fetur masu gyara suke wanki da shi, kuma yana cire maiƙo da sauri. Kada ka yi. Tururinsa yana bin ƙasa ya je ya sami wuta a inda ba ka zata ba, kai kuma aikin nan naka akwai murhu a cikinsa. Kada kuma a jiƙa sarƙa cikin ruwan batir, ruwan tsami ko ruwan omo ta kwana. Suna cin ƙarfen ko su sa shi tsatsa, wata rana ta tsinke maka a hawan gada.

Kananzir ɗin da ya yi datti ba asara ba ne. Bar shi kwana biyu dattin ya kwanta, ka tsiyaye na sama don zagayen farko na wata sarƙar. Amma don Allah kada a zuba shi a robar lemo ko ta ruwa a ajiye a tsakar gida. Yara suna ɗauka su kafa kai.

4. Ɗauraya da sifirit, sannan shanya

Nan ne mafi yawan mutane suke tsallakewa. Kananzir ya cire giris, amma shi kansa yana barin wani siririn maiƙo a jikin ƙarfe. A kwalba ta biyu mai tsabta, zuba sifirit ya rufe sarƙar, girgiza minti biyu, zubar, sake na biyu. Ja sarƙar ta cikin farin tsumma. Idan tsumman ya fito fari, kuma sarƙar tana ƙara kacau-kacau a hannunka kamar tarin makullai, ba santsi ko kaɗan, ta wanku.

Rataye ta a rana kamar rabin awa ta bushe ƙamas. Kada ka bar ta ta kwana a haka, tsirara take, ba abin da zai kare ta daga tsatsa.

5. Wanke haƙoran keken

Tana shanya kai kuma kana kan keken. Haƙoran gaba, firiwil na baya, da 'yan ƙafafun abin sauya giya, duk sai an kankare baƙin da ya daskare a jikinsu da tsinke ko bakin sukundireba, a goge da burushi da ɗan kananzir, a bi da tsumma mai sifirit. Tsakanin haƙoran baya, ninka tsumma ka ja shi kamar mai sakace. Idan ka ɗora tsabtatacciyar sarƙa a kan haƙora masu baƙin mai, kafin ka kai bakin titi aikinka ya koma baya.

Gargaɗi: jiƙa tsumma za ka yi, ba kwarara kananzir ba. Idan ya shiga cikin boris ɗin firiwil ko na cibiyar ƙafa zai wanke giris ɗin da suke bukata. Mai birkin faifai kuma ya rufe faifan da leda.

6. Narka kakin

Zuba ruwa a babbar tukunya, ka zaunar da ƙaramar a ciki da kakin, ruwan ya kai rabinta, ka ɗora a wuta. Gas, risho, gawayi, duk ɗaya. Farafin yana narkewa a wajen digiri 50 zuwa 65 a ma'aunin Selsiyos, kuma zafin da ake so a yi aiki da shi 70 zuwa 90 ne. Hikimar tukunya cikin tukunya ita ce ruwa ba ya wuce digiri 100, don haka ko ba ka da abin auna zafi kakin ba zai ƙone ba. Da ya narke duka ya zama garau kamar ruwa, rage wuta ruwan ya riƙa motsi a hankali. Mai wutar lantarki tsayayya zai iya amfani da ƙaramar tukunyar lantarki mai dafa abinci sannu a hankali, 'yan tseren keke da yawa a Turai da Amurka ma da ita suke amfani.

Gargaɗi: kada a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Idan ya kai wajen digiri 200 yana kamawa, kuma tun kafin nan hayaƙi zai fara tashi. Idan tsautsayi ya sa ya kama, rufe shi da murfi ka kashe murhu. Kada a watsa ruwa, wutar za ta yi tsalle kamar ta man suya. A yi aikin a fili, a kori yara, a kuma nisantar da kwalaben kananzir da sifirit. Tukunyar da ta ci kaki ta bar girki ke nan, don haka kada ka ɗauko ta uwargida. Ni na ɗauko, na kuma sayi sabuwa.

7. Tsoma sarƙar

Lanƙwasa wayarka kamar ƙugiya mai dogon hannu, ka zura sarƙar a jiki ninki-ninki yadda za ta kwanta a gindin tukunya. Zura ɓangarorin mahaɗin su ma, in ba haka ba za ka yi ta lalube a cikin kaki mai zafi. Saka ta a hankali, kakin ya shanye ta gaba ɗaya.

Da farko za ka ga kaki ya daskare fari a jikinta saboda ƙarfen da sanyi. Ƙyale ta. Bayan 'yan mintoci farin zai narke, ƙananan kumfa su fara tasowa: iskar da ke cikin gaɓoɓi ce take fita, kaki yana maye gurbinta. Ba ta minti 10 zuwa 15, kana kaɗa ta da hannun wayar lokaci-lokaci don gaɓoɓin su motsa. Idan kumfa ta daina fitowa ko ka kaɗa, ta ƙoshi.

Ni nakan sauke tukunyar in jira kakin ya ɗan huce, sai na ga ya fara yin yana-yana a gefe sannan in tsame. Idan aka tsame da tsananin zafi, ruwa-ruwa yake, da yawansa yakan tsiyaye. Idan kuma aka bari ya yi kauri, za ta fito da dunƙule-dunƙule da za su zube banza a ƙasa.

Gargaɗi: a kula kada ruwan babbar tukunya ya fantsama cikin kaki, kada kuma a saka jiƙaƙƙiyar sarƙa. Ruwan da kaki ya rufe a cikin gaɓa tsatsa zai zama. Sarƙar kuma tana fitowa da zafin da zai sale fata.

8. Rataye ta, sannan ka karya ta

Rataye ta a ƙusa ta ɗiga cikin tukunyar ko a kan kwali. Cikin minti 15 zuwa 20 za ta sandare kamar sanda. Kada ka tsorata, alamar nasara ce. Sai ka bi ta gaɓa-gaɓa kana lanƙwasawa, ko ka rataya ta a kan muciya ko bututun ƙarfe ka riƙa ja da hannu biyu gaba da baya har kowace gaɓa ta saki. Yi wannan a waje, garin kaki yana zuba, kuma a kan siminti ko tayil santsi gare shi.

9. Mayar da ita

Duba hoton nan ka bi hanyar da ta fito. Akwai ɗan ƙarfe tsakanin ƙafafun abin sauya giya, mutane da yawa sukan bi ta bayansa, sai a ji keke yana gurnani. Wasu sarƙoƙin Shimano suna da fuska: gefen da ke da rubutu shi ne yake kallon waje. Kankare kakin da ya cika ramukan mahaɗi da farce, ka haɗa shi, ka juya feda har ya zo saman sarƙa, ka damƙe birkin baya ka taka feda da ƙarfi. Za ka ji ƙas. A keke mai giya ɗaya, rufaffen kan makullin ne yake fuskantar inda sarƙa take tafiya.

Minti 15 zuwa 20 na farko za ka ji ta da ɗan tauri, giya ma tana iya tsalle sau ɗaya ko biyu, farin gari yana zuba a jikin keke. Kada ka taɓa saitin giya. Da ka ɗan zaga unguwa za ta yi laushi ta yi shiru.

10. Kulawa da sake dafawa

Bayan kowace fita mai ƙura, ja ta cikin busasshen tsumma, shi ke nan. A lokacin rani ana sake tsomawa bayan kilomita 200 zuwa 300. Da kyandir na shago ni ban cika wuce 150 ba. Mai yin kilomita 10 kullum, ka ce duk mako uku zuwa huɗu, da kyandir kuwa mako biyu. Kunne ma yana faɗa: da ta fara ƙara irin ta busasshen ƙarfe, lokaci ya yi, kada a jira ta fara kuka.

Daɗin abin, ba a sake wankin kananzir. Cire, goge, tsoma, rataye, rabin awa an gama. Wanda ya samu hali ya sayi sarƙa biyu ya dafa su tare, ɗaya tana kan keke ɗaya tana rataye. Kakin kuma a bar shi ya daskare a tukunyarsa a rufe. Bayan tsomawa da yawa, ɗan ɗumama gindin tukunyar ka kifar da curin, za ka ga baƙi ya taru a ƙasansa, kankare da wuƙa ka mayar da sauran.

11. Idan ruwa ya dake ta

A nan kaki yake da rauni. Ba ya bin ƙarfe ya rufe inda ya goge kamar yadda mai yake yi, saboda haka sarƙar da ruwan sama ya daka aka jingine ta, da safe za a tarar ta yi ja. Da ka iso gida ka goge ta ta bushe. Idan ta sha taɓo, cire ta ka saka a tsohon kwano, ka kwarara mata tafasasshen ruwa sau biyu, tsohon kakin zai narke ya tafi da dattin. Girgije ta, ka shanya har ta bushe sarai, ka tsoma a ranar. Akwai kuma kakin ruwa na kwalba irin Squirt da ake ɗigawa gaɓa-gaɓa a bari ya kwana ya bushe, yana cike gurbi idan ba lokacin ɗora tukunya.

Wanda dole ne ya fita kullum a watan Agusta, ruwa ko ba ruwa, gaskiya ya ajiye sarƙar kakin ya ɗaura wata mai mai har damina ta ɗauke, sai dai ya tuna zai sake wanke haƙora kafin ya mayar da ta kakin. Daga Oktoba zuwa Mayu kuwa ban ga abin da ya kama ƙafar kaki ba.

Gargaɗi: ɗigon mai ɗaya ya isa ya mayar da kai mataki na uku, kuma idan ka tsoma ta a haka ka ɓata tukunyar kakin duka. Hatsarin kuma ba daga gare ka yake zuwa ba. Na taɓa kai faci, na juya ina amsa waya, ina waigowa na ga bawan Allah ya ɗauko gwangwanin baƙin mai yana bin sarƙar da shi. Na ce, "Haba Malam, me ka yi haka?" Ya ce, "Yallaɓai, ai a bushe na gan ta ƙamas, kyauta na sa maka." Yanzu tun kafin in sauka daga sirdi nake faɗa masa taya kaɗai zai taɓa, in kuma tsaya a kansa har ya gama.